Ganye ko takarda: kurakuran da aka fi yi da kalmar leaflet da yadda ake gyara su

Mai fassara, malamin makaranta, malamin gona da ma'aikacin asibiti duk suna cin karo da kalmar Turanci leaflet, kuma kowa da abin da take nufi a fagen aikinsa. A littafin ilimin tsirrai, ɗaya ce daga cikin 'yan ganyayyakin da suka haɗu suka yi ganye guda, irin na zogale ko tsamiya. A kemis, takardar nan ce da ake ninkewa a cusa cikin kwalin magani. A wurin 'yan siyasa, 'yan talla da masu wayar da kai, takarda ce falle ɗaya da ake rabawa hannu da hannu. A rahoton likitan zuciya kuwa, wani ɗan sashe ne na bawul ɗin zuciya, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya. Asalinta kalmar leaf ce, wato ganye, aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar ƙanƙantawa. Ma'anar tsirrai ce ta fara fitowa a ƙarni na 18, ta takarda ta biyo baya a ƙarni na 19. Hausa ba ta da kalma ɗaya da ta tattara duk waɗannan, kuma ba ta buƙatarta. Mafi yawan kurakuran da za mu kawo, tushensu ɗaya ne: a riƙe kalmar a manta da abin da ake nufi da ita.

Ɗaukar ma'ana ɗaya a shimfiɗa ta ko'ina

Wanda ya fara sanin kalmar a ajin kimiyya zai rubuta "karanta ƙaramin ganyen da ke cikin kwali kafin ka sha magani". Wanda ya fara saninta a ofis zai rubuta cewa "ganyen gyaɗa yana da ƙasidu huɗu". Manhajojin fassara na waya suna yawan yin duka biyun. Gyaran ba ya buƙatar ƙamus. A dubi kalmomin da ke kewaye da ita. In ana maganar bugawa, ninkewa, rabawa ko karantawa, takarda ce. In ana maganar tsinke, jeri biyu-biyu, yin ɗorawa ko cin tsutsa, ganye ne. In ana maganar kauri, taurarewa ko yoyon jini, zuciya ce.

Ko an gane takarda ce, akwai sauran aiki, domin kalmar da aka fi rugawa a ɗauko ita ce ƙasida. Ƙasida a kunnen Bahaushe abu uku ce: waƙar yabo irin ta malamai, takardar da masani ya gabatar a taron ƙara wa juna sani, da ɗan littafi mai 'yan shafuka. Babu ɗaya cikinsu da ya yi daidai da falle ɗaya da aka miƙa wa mutum a tasha. Hukumar UNESCO a shekarar 1964 ta ja layi mai amfani: abin da ya kai shafi 49 ban da bango littafi ne, mai shafi 5 zuwa 48 ɗan littafi ne, wato abin da ya dace a kira ƙasida. Abin da bai kai haka ba, a kira shi takarda a ƙara masa sunan aikinsa: takardar bayanin magani, takardar wayar da kai, takardar talla, takardar kamfen. A labaran yaƙi, in jirage sun saki irin waɗannan daga sama, kamar yadda jiragen Ingila suka yi a kan Jamus a Satumbar 1939, sai a ce sun watsa takardun gargaɗi ko na farfaganda. Fasta kuma daban take, ita manna ta ake yi a bango, fuska ɗaya ake bugawa, kuma daga nesa ake karanta ta.

Wasu kan ɗauko warƙa, kalmar da malaman zaure suka aro daga Larabci, inda take nufin ganye da takarda baki ɗaya. A Hausa ta tsaya ne a kan fallen littafi, kuma in aka rubuta ta ba lanƙwasa sai ta rikice da warkewa daga ciwo. Ga mai karatu na yau, falle ya fi saurin shiga.

Ƙirga 'ya'yan ganye a matsayin ganye

Nan ne kuskuren yake taɓa aljihun manomi. Ganye iri biyu ne. Akwai mai faɗi ɗaya, kamar na mangwaro da goba. Akwai haɗaɗɗe, wanda ya rabu gida-gida a kan tsinke guda, kowane gida kuma shi ne ɗan ganye. Na aduwa 'ya'ya biyu ne. Na wake da waken soya uku. Na gyaɗa huɗu, biyu suna fuskantar biyu. Na babbar kuka yawanci biyar zuwa bakwai, a baje kamar yatsun hannu, ko da yake 'yar kuka da ta fito daga ƙasa da ganye mai faɗi ɗaya take farawa, abin da kan sa masu renon itatuwa su kasa gane ta. Na tsamiya da darbejiya jere suke hagu da dama a kan tsinke. Na bagaruwa da gawo sun rabu sau biyu, tsinken ya yi rassa, rassan suka ɗauki 'ya'ya ƙanana. Na zogale ya kai rabuwa uku, shi ya sa abin da ake ɗauka reshe ne in an karyo, a gaskiya ganye ɗaya ne tal.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. A dubi kusurwar da tsinken ya haɗu da jikin shukar. Ganye na gaskiya yana da ɗan ido a wannan kusurwa, inda sabon reshe ko fure ke tohowa. Ɗan ganye ba shi da shi. A bi tsinken zogale daga 'yan ganyen zuwa ƙasa, ba za a tarar da ido ba sai an isa inda ya kama jikin itacen. Daga nan zuwa sama duk ganye ɗaya ne.

Kuskuren yana da ɗan'uwa ta ɗaya ɓangaren: a ga ganyen rogo, gwanda, kuɓewa ko rama ya tsattsage a ce haɗaɗɗe ne. Ba haka ba ne. Tsagar ba ta kai har tsinke ba, naman ganyen yana nan haɗe a tsakiya. Ganye ɗaya ne mai yatsu.

Abin da ya sa wannan ya wuce gardamar aji shi ne, umarnin aikin gona sau da yawa da yawan ganye ake auna lokaci. Wake da waken soya in sun tsiro, ɓari biyu na ƙwayar irin ne ke fara fitowa, sai ganye biyu masu faɗi ɗaya suna fuskantar juna, bayansu ne ganye mai 'ya'ya uku na farko ke buɗewa. Idan takardar maganin ciyawa ta ce a fesa lokacin da shuka ta yi haɗaɗɗen ganye uku, aka fassara ta da "ganye uku" kawai, manomi zai ga na farkon nan ya ƙirga ɗaya, biyu, uku ya ɗauko famfon feshi alhali shukar ba ta yi ƙwari ba. Sakamakon ƙonewa ne ko tsumburewa. Yadda ya kamata a rubuta shi ne "idan ta fitar da ganye mai 'ya'ya uku har guda uku, ban da biyun farko", a kuma zana hoton a gefe.

Haka wajen bayyana cuta. "Ganyen ya yi ɗorawa" bai ishi malamin gona ya gane komai ba. Ƙarancin sinadarin naitirojin daga tsofaffin ganyayen ƙasa yake farawa, ganyen ya koɗe baki ɗaya. Ƙarancin fotash bakin 'ya'yan tsofaffin ganyaye yake bi, ya yi ɗorawa sannan ya bushe kamar an babbaka, tsakiya na nan kore. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a sababbin ganyayen sama yake bayyana, jijiyoyin su tsaya kore tsakaninsu ya yi fari-fari. Kuturtar gyaɗa, wadda ta yi mummunar ɓarna a arewacin Najeriya a 1975, tana sa 'ya'yan ganyen su ƙanƙance su nannaɗe, shukar ta dunƙule. Mai rubutu ya faɗi abu uku: ganyen sama ne ko na ƙasa, duk ganyen ne ko 'ya'yansa, baki ne ko tsakiya.

A girki da sarrafa zogale ma akwai wannan ruɗani. Idan umarni ya ce kilo ɗaya, dole a faɗa ko da tsinkayen ne ko bayan an tsige. Tsinkayen suna da nauyi, ba sa bushewa tare da 'ya'yan ganyen, in aka bar su a ciki sai garin ya yi tsaki-tsaki, ko danshinsu ya jawo fumfuna. A tsige, a wanke, a tsane, a baza sama-sama a inuwa mai iska. Ɗanyen zogale kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, don haka ma'aunin ɗanye da na busasshe ba sa musanyuwa.

A rahoton zuciya

Wannan gajere ne amma yana firgita mutane in an fassara shi ba daidai ba. Zuciya tana da bawul huɗu da ke hana jini komawa baya, kowane bawul kuma yana da 'yan fatu sirara masu buɗewa da rufewa kamar ƙyauren ƙofa. Bawul ɗin da ke tsakanin ɗakunan zuciya na hagu fatu biyu gare shi, sauran ukun uku-uku. Su ne likita yake nufi. Ciwon zuciyar da kan biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayoyin cuta da ba a yi wa magani ba yana sa su yi kauri su manne, musamman na hagun nan, har hanyar ta matse ko ta riƙa yoyo. Kada a ce wa mara lafiya "ganyen zuciyarka". A ce ƙyamaren bawul ɗin zuciya sun yi kauri, ba sa rufewa sosai.

Shafi da falle a wurin mai bugu

Falle shi ne takardar kanta. Shafi fuska ɗaya ce tata. Kowane falle shafi biyu ne, in an ninka shi biyu ya zama huɗu. Mai neman aiki kan ce "shafi dubu nake so", yana nufin kwafi dubu, mai bugu ya ji wani abu dabam, rigima ta tashi wajen biyan kuɗi. Abu biyar ake faɗa masa: girman takarda bayan an yanke, fuska ɗaya ko biyu, kala ko baƙi da fari, nauyin takarda, da yawan kwafi.

A4 milimita 210 ne da 297. A5 rabinsa ne, 148 da 210. Rim ɗaya falle 500 ne, saboda haka kwafi 1,000 na A5 rim ɗaya na A4 zai ci, a ƙara 'yan fallaye don waɗanda za su lalace a inji. Takarda mai nauyin giram 80 ta isa rubutu zalla, amma in za a buga hoto mai duhu gaba da baya, tawadar takan nuna ta ɗaya fuskar, sai a nemi mai kauri ko mai sheƙi ta giram 115 zuwa 150. Mai sheƙi ba ta karɓar biro da kyau, kada a zaɓe ta in akwai gurbin da ma'aikaciyar asibiti za ta rubuta ranar dawowa. In aikin ya zama ɗan littafi mai maƙala a tsakiya, yawan shafukansa dole ya rabu da huɗu: 8, 12, 16. Wanda ya kawo shafi 10 ko dai ya rage biyu ko ya biya kuɗin 12.

Ninki uku shi ne aka fi ɓatawa. Ana raba A4 a kwance gida uku daidai wa daida, milimita 99 kowane, sai a ga takardar ta ƙi kwanciya, ta yi tudu a lanƙwasa. Dalili shi ne gidan da ke shiga ciki yana buƙatar ya ɗan gaza sauran. A yi 100, 100 da 97. Tsarin shafukan ma ba a jere yake ba. A fuskar waje, daga hagu zuwa dama, gidan da ke ninkuwa ciki ne, sai baya, sai bango. A fuskar ciki ne bayani ke tafiya a jere, ƙaramin gidan yana dama. Kafin a taɓa kwamfuta, a ɗauki farar takarda a ninka da hannu, a rubuta lamba a kowane gida, a buɗe a gani. In da ajami za a buga, komai ya juya, domin daga dama ake buɗewa. Ba a ɗauko tsarin boko a zuba masa ajami.

Inda kala ta kai har bakin takarda, a bar ta ta zarce da milimita 3 a kowane gefe, rubutu kuma ya ja baya daga baki da kamar milimita 5, don wuƙar yanka ba ta sauka wuri ɗaya kullum. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, zai fito dishi-dishi a bugu. A tura shi a matsayin fayil. Launin da ke walƙiya a fuskar waya kuma yakan dusashe a takarda, musamman shuɗi da kore.

Haruffa masu lanƙwasa

Ana rubuta aiki da ɓ, ɗ da ƙ daidai, a kai wa mai bugu fayil ɗin Word, kwamfutarsa ba ta da salon harafin, sai su koma 'yan akwatuna ko su fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma. Wasu don gudun haka sai su watsar da lanƙwasar gaba ɗaya, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, faɗa ya koma fada. A takardar lafiya wannan ba ƙaramin abu ba ne. A zaɓi salon harafin da ke ɗauke da su manya da ƙanana, a mayar da aikin PDF, a buɗe shi a wata na'urar a duba kafin a kai. A tuna kuma Najeriya 'y take rubutawa, Nijar ƴ, a zaɓi ɗaya gwargwadon inda za a raba.

Fassarar Hausa sau da yawa takan fi Turancin tsawo. Abin da aka saba yi shi ne a matse harafin har ya shiga gurbin. Dattijon da aka yi takardar dominsa ba zai iya karantawa ba. Kada harafi ya gaza lamba 12, na tsofaffi 14. Kalmomi ake ragewa, ba girman harafi ba.

Ma'auni a takardar magani

A nan fassara mai daɗin ji tana iya cutarwa. Mililita 5 ba "cokali ɗaya" ba ne, domin cokulan gida sun bambanta, na shayi wajen mililita 5 ne, babba kuma yana kaiwa 15. A bar lambar yadda take, a ce a auna da murfi ko sirinjin da ya zo da maganin. Ruwan farasitamol na yara yakan zo da miligiram 120 ko 125 a cikin mililita 5, ɗigon jarirai kuma ya fi haka ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda haka dole sunan magani ya tafi tare da ƙarfinsa. "Sau uku a rana" mutane da yawa safe, rana da dare suke ji, wanda kan tattara shan cikin awa 12. In abin da ake nufi kowace awa 8 ne, a rubuta hakan a ba da misali: 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare. Maganin zazzaɓin cizon sauro na atimita da lumefantirin sau 6 ake sha cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, kuma ya fi shiga jiki in an ci abinci mai maiƙo. In aka taƙaita shi zuwa "safe da yamma", wannan duk ya zube.

Haɗin gishiri da suga na gudawa yana zuwa a ƙunshi na lita 1, akwai kuma na rabin lita. Takardar ta faɗi wanne ake nufi, ta kuma ba da ma'aunin da ke hannun mutane: ledar fiya wata da aka saba rabin lita ce, biyu sun yi lita. A ƙara cewa abin da ya wuce awa 24 da haɗawa zubar da shi ake yi. Ƙwayar zinc da ke tafiya da shi miligiram 20 ce kullum ga yaron da ya kai wata 6, rabin haka ga wanda bai kai ba, kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya. Jimlar ƙarshen nan ce aka fi yankewa in wuri ya yi kaɗan, alhali ita ce iyaye suka fi saɓawa.

Abin da bai kamata ya hau ta ba, da abin da ake mantawa

Takardar rabawa ƙarshenta ƙasa ne, ko ta zama abin ƙunshe ƙosai da gyaɗa. Saka mata ayar Alƙur'ani da Larabci yana jefa wanda aka ba cikin damuwar inda zai ajiye ta, wasu ma su ƙi karɓa, kuma da gaskiyarsu. In ana buƙatar hujjar addini, a kawo ma'anar da Hausa, ko a bar ta ga mai jawabi a wurin taro.

Cusa saƙo huɗu a falle ɗaya, rigakafi da gidan sauro da shayarwa da wanke hannu, yana sa ba a riƙe ko ɗaya. Falle ɗaya, saƙo ɗaya, kuma abin da ake so mutum ya aikata ya zo a layin farko, ba tarihin ƙungiya da jerin tambura ba. Takardun gayyata kuma sukan fita ba shekara, ko a rubuta kwanan wata ba sunan rana. Mutane da sunan rana da lokacin salla suke riƙe alkawari: Asabar, 14 ga wata, bayan La'asar, a filin makarantar firamare ta unguwa.

Kafin a ba da izinin buga dubbai, a sa mai bugu ya fitar da kwafi ɗaya a kan ainihin takardar, a yanke a ninka. A ba wanda bai san aikin ba, irin mutanen da za a raba wa, ya karanta da ƙarfi ba tare da an taya shi ba, sannan a tambaye shi me takardar ta ce ya yi, yaushe, kuma nawa. Duk inda ya yi tuntuɓe ko ya amsa ba daidai ba, a sa alama da biro a koma kan fayil ɗin. Lambobi, wato ma'auni, kwanan wata da lambar waya, mutum biyu ne za su duba su, ɗaya yana karantawa daga asalin, ɗaya yana bi da yatsa a kan kwafin.